ZAƁEN NA'URAR KARIYA DAGA YOYON WUTAR LANTARKI A GONA

Gabatarwa

Manomi, idan kana da rijiyar burtsatse, injin niƙa ko ɗakin kaji da ke aiki da lantarki, ka sani cewa gona ta fi cikin gida haɗari. Akwai danshi, akwai ƙura, ga ɓeraye masu gaigayar waya. Da zarar rigar waya ta ɓare, sai wuta ta fara yoyo ta jikin ƙarfen inji zuwa ƙasa. Duk wanda ya taɓa ƙarfen nan da jiƙaƙƙen hannu, ta jikinsa za ta bi.

Bireka kaɗai ba ta isa ba

Birekar da aka saba gani a akwatin wuta, mai alamar MCB, aikinta kare waya ne idan lodi ya yi yawa ko wayoyi suka haɗu. Mai amfiya 16 ba ta faɗuwa sai wutar da ke bi ta cikinta ta wuce amfiya 16. Amma amfiya ɗaya miliamfiya 1,000 ce, kuma miliamfiya 50 kacal na iya dagula bugun zuciyar mutum. Ke nan wuta na iya kashe mutum bireka tana tsaye.

Maganin wannan shi ne na'urar gane yoyo, mai alamar RCD ko RCCB. Tana auna wutar da ta fita ta waya mai rai da wadda ta dawo ta waya ta biyu. Idan suka bambanta, wani kaso ya zurare ke nan, sai ta yanke wuta cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa.

Wacce za ka zaɓa?

Dubi lambar da ke jikinta. Ƙa'idar duniya kan haɗa wuta a gonaki ta tsara su kamar haka:

1. Miliamfiya 30: don soket ɗin da bai wuce amfiya 32 ba. Ita ce mai kare rai.
2. Miliamfiya 100: don soket ɗin da ya wuce amfiya 32.
3. Miliamfiya 300: don sauran layuka. Tana hana gobara a wurin ajiyar hatsi da harawa, amma kada ka dogara da ita wajen kare mutum.

RCCB ba ta gane yawan lodi, don haka a haɗa ta da MCB, ko a sayi RCBO wadda ta haɗa ayyukan biyu. Kada kuma ka ɗora gona duka a kan mai miliamfiya 30 guda ɗaya, domin ɗan yoyo a famfo zai kashe fitila da na'urar ƙyanƙyasar ƙwai tare. Kowane layi ya samu tasa, a babban layi kuma a sa mai 300 mai alamar S, wadda ke ɗan jinkirtawa har ƙaramar ta riga ta faɗuwa. Famfon da ke aiki da inbata sau da yawa yana buƙatar nau'in B. A duba takardar kamfanin da ya ƙera shi.

Abubuwan kiyayewa

A haɗa jikin kowane inji da wayar ƙasa, a kuma kafa sandarta a wuri mai danshi. Idan janareta kake amfani da shi, mai wayarin ya gwada ya tabbatar na'urar tana faɗuwa a kansa. Danna maɓallin gwaji mai alamar T duk wata. In ba ta yanke wuta ba, a canza ta. Idan tana yawan faɗuwa, akwai yoyo: a nemo shi, kada a tsallake ta da waya.

Kammalawa

Malamin gona, idan ka ziyarci manomi, ka buɗe akwatin wutarsa ka karanta masa waɗannan lambobi. Aikin haɗawa kuwa a bar wa mai wayarin da ke da takardar shaidar hukumar NEMSA. Kuɗin na'urar bai kai na sa ɗaya ba, balle ran mutum.