Yadda Ake Juya Tsofaffin Hotunan Kwamfuta Zuwa Sabon Tsari

'Yan'uwana ɗalibai, duk mai bincike a kan rubutun ajami ko tsofaffin jaridun Hausa wata rana zai ci karo da faifan CD ɗauke da hotunan da wayarsa ta ƙi buɗewa. Sau da yawa hoton lafiyarsa lau, tsarin da aka ajiye shi a ciki ne ya tsufa. A wannan maƙala zan yi bayanin waɗannan tsare-tsare da yadda nake juya su.

Ana gane tsarin hoto daga haruffan ƙarshen sunansa. Kamfanin ZSoft ya fito da PCX a 1985, Aldus ya fito da TIFF a 1986, CompuServe kuma ya kawo GIF a 1987. BMP na Microsoft ne. JPEG ya zo a 1992, sai PNG a 1996.

Bambancinsu shi ne yadda kowanne ke matse hoto. PCX da PNG suna rage nauyin fayil ba tare da sun zubar da komai ba. BMP galibi ba ya matsewa, shi ya sa yake da nauyi. GIF ba ya ɗaukar launi fiye da 256. Shi kuwa JPEG yana zubar da abin da ido ba ya saurin lura da shi, kuma duk lokacin da aka gyara hoton aka sake ajiyewa sai ya ƙara zubarwa.

A nan haɗarin yake gare mu. A ajami, ɗigo ne ke raba ba da ta da nun, kuma ɗigon imala ne ke nuna wasalin e. A boko, lanƙwasa ce ke raba "kafa" da "ƙafa". Idan matsi ya dusashe su, sai ɗalibi ya karanta abin da marubuci bai rubuta ba.

Ga hanyar da nake bi. Da farko ina kwafe ainihin fayil ɗin in ajiye a gefe. Sai in buɗe kwafin da IrfanView ko XnView ko GIMP, in fitar da shi a PNG ko TIFF. Idan tsohon TIFF ne, ina ƙirga shafukansa, domin fayil ɗaya yakan ƙunshi shafuka da yawa, kuma wata manhajar na farko kawai take fitarwa. Daga nan in faɗaɗa hoton in gwada shi da na asali. Ba na yin JPEG sai idan zan tura wa wani, shi ma daga kwafi.

A kula da abu biyu. Canza sunan fayil daga .pcx zuwa .png ba ya canza tsarinsa. Haka kuma mayar da JPEG zuwa TIFF ba ya dawo da abin da aka riga aka zubar. Saboda haka, in akwai faifan asali, gara a koma kansa tun bai lalace ba.