Makaɗin Da Ba Ya Jin Kiɗansa

Cikin makaɗan Turai na da, waɗansu malamanmu sun fi son Mozart, wai kiɗansa zaƙi kamar alkaki. Mu kam Beethoven ne namu.

An haife shi a Bonn, ƙasar Jamus, cikin 1770. Tun bai cika shekara talatin ba ya fara kurumcewa, amma bai bar tsara kiɗa ba. Ran 7 ga Mayu 1824 aka fara kaɗa babban kiɗansa na tara a birnin Viyana. An ce da jama'a suka ɗauki tafi bai ji ba, sai da wata mawaƙiya ta juyo da shi ya ga hannuwa.

Mukan ba ɗalibanmu labarin nan kafin su fita koyarwa, gama mun sha tarar da yaro a bencin baya ana ce masa daƙiƙi, alhali kuwa kunne ne.