Black Mirror: Shirin talabijin da ya mayar da fuskar waya madubi

Idan wayarka ta mutu, fuskarta takan yi baƙi ƙirin, kuma abin da za ka gani a ciki shi ne fuskarka. Daga nan marubuci ɗan Birtaniya, Charlie Brooker, ya samo sunan shirinsa, Black Mirror, wato baƙin madubi. Tashar Channel 4 ce ta fara nuna shi a watan Disambar 2011, kafin ya koma Netflix a 2016. Kusan kowane kashi labari ne mai zaman kansa, da 'yan wasansa daban.

Mutane da dama na ɗaukar shirin a matsayin tsoratarwa game da na'ura. A ganina wannan gajeriyar fahimta ce, domin sau da yawa na'urar aikin da aka ƙera ta dominsa take yi, ɓarnar kuwa daga mai riƙe da akalarta take fitowa.

Dubi kashin “Common People” na 2025. Wata malamar makaranta, Amanda, ta kamu da ciwon ƙwaƙwalwa, sai wani kamfani ya yi mata tiyata kyauta, bisa sharaɗin biyan dala 300 duk wata domin ƙwaƙwalwar ta ci gaba da aiki. Mijinta mai aikin walda ne, ya amince, don ba shi da zaɓi. Daga baya sai tallace-tallace suka fara fitowa daga bakinta ba tare da saninta ba, har a gaban ɗalibai. Da suka kai kuka, aka ce maganin shi ne su koma tsari mai tsada. Babu wanda ya ɗaga musu murya. Cikin fara'a ake ƙara kuɗin, har mijin ya koma wulaƙanta kansa a intanet don a jefa masa na biya. Duk mai albashin da kuɗin data ya taɓa ƙare masa a tsakiyar wata zai gane inda aka dosa.

A “Nosedive” na 2016 kuwa, jama'a ne ke ba juna maki, daga tauraro 1 zuwa 5, kuma makin ne ke yanke gidan da mutum zai samu. Lacie na da 4.2, tana neman 4.5, ta yi ta murmushin dole har ta ƙare a kurkuku.

Sai dai a kula: shirin na manya ne, wasu sassan ba su dace a kalla da yara ba.