Na'urar cike ruwa a tankin kifin teku

Na'urar cike ruwa, wadda masu kiwon kifin ado suke taƙaita sunanta da haruffan ATO, na'ura ce da ke mayar wa tankin kifi ruwan da ya ƙafe ba tare da mutum ya zuba da hannu ba. An fi amfani da ita a tankunan gilashi na ruwan gishiri, inda ake ajiye kifin teku da murjani da jatan lande. Na'urar tana lura ne da tsayin ruwa kawai, ba ta auna gishiri. Daga wannan gaɓar ce kusan dukkan matsalolinta suke tasowa, domin akwai hanyoyi da yawa da tsayin ruwa zai iya sauka ba tare da ruwan ya ƙafe ba.

Dalilin amfani da ita

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowane kilogiram ɗaya, abin da ake rubutawa da kashi 35 cikin 1,000. Idan ruwa ya zama tururi ya tashi, ruwan ne kaɗai ke tafiya, gishirin yana nan. Ta wannan hanyar ake samun gishirin Bilma da Fachi a Jamhuriyar Nijar: ana tara ruwan gishiri a ramuka, rana ta shanye shi, a kwashe abin da ya rage a yi kantu, wanda ayarin raƙuma ya daɗe yana kawowa kasuwannin ƙasar Hausa. Tankin kifin teku da aka bari ba a ƙara masa ruwa yana bin wannan tafarki ne a hankali.

A misali, tanki mai lita 200 da gishirinsa yake kashi 35, idan ya rasa lita 10 gishirin zai kai kusan 36.8. Idan ya rasa lita 20 zai kusa 39. Kifin teku yana da hanyar kare kansa zuwa wani mataki, domin yana shan ruwan gishiri sannan ya fitar da gishirin da ya yi yawa ta sassan numfashinsa. Murjani da yawancin ƙananan halittun teku marasa ƙashin baya ba su da wannan ƙarfi. Gishirin jikinsu yana bin na ruwan da suke ciki, don haka hawa da saukar gishiri yana galabaitar da su da wuri. Saboda haka ruwan da ake cikawa da shi dole ya zama ruwa zalla marar gishiri, kuma a riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana.

Tarihi

Dabarar sarrafa tsayin ruwa da abu mai yawo a samansa tsohuwa ce. Ana danganta ta da Ktesibios na Iskandariya a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda ya yi amfani da ita a agogon ruwa. A ƙarni na 9 'yan'uwa uku da ake kira Banu Musa, wato Muhammad da Ahmad da Hasan, sun rubuta Kitab al-Hiyal a Bagadaza, inda suka bayyana na'urori kusan 100, ciki har da mazuban da ke cika kansu idan aka ɗebi ruwa. An buɗe gidan nuna kifi na farko ga jama'a a gidan zu na Landan a 1853. A gidajen Kano ma ana ganin wannan dabara kullum: ƙwallon da ke rufe ruwa a tankin bayan gida da wanda ake sa wa tankin saman gida aikinsu ɗaya da na'urar tankin kifi. Bambancin shi ne idan na tankin gida ya lalace ruwa ne kawai zai zube.

Sassanta da yadda take aiki

Na'urar tana da ma'aunin tsayin ruwa, da akwatin sarrafawa, da ƙaramin injin tura ruwa, da bokiti ko jarkar ajiyar ruwa zalla, sai siririn tiyo da ke kai ruwan tanki. Ma'aunin iri biyu ne aka fi sani. Na farko zobe ne na roba mai maganaɗisu a ciki, yana hawa da sauka a jikin sanda. Idan ya sauka sai ya haɗa makunnin da ke cikin sandar, inji ya tashi. Na biyu ido ne na lantarki da ke harba haske a cikin ɗan gilashi mai tsini: idan tsinin yana cikin iska hasken yana dawowa, idan ruwa ya rufe shi hasken yana watsewa. Wasu na'urori suna haɗa biyun. Osmolator ta kamfanin Tunze na ƙasar Jamus tana aiki da ido, sannan tana da zobe a sama da shi wanda ke kashe inji idan ruwa ya wuce iyaka. Akwai kuma nau'in da ba ya buƙatar wuta, inda ake kifa kwalba a kan tanki kamar mazubin ruwan kaji, amma ya fi dacewa da ƙananan tankuna.

Manyan tankuna sukan kasance da tanki na biyu a ƙasa, inda ruwa ke gangarowa a tace shi, babban inji ya mayar da shi sama. A irin wannan tsari tsayin ruwan tankin sama ba ya canzawa. Raguwar tana bayyana ne a ɗakin ƙarshe na tankin ƙasa, inda babban injin yake. A nan ake ɗaura ma'auni. Ɗaki mai santimita 20 a 30 yana sauka da kusan santimita 1.7 idan lita ɗaya ta tafi, alhali a tanki mai santimita 100 a 50 saukar ba ta wuce milimita 2 ba. Ma'aunin da aka sa a wani ɗakin daban zai iya yin kwanaki bai ga komai ba.

Matsaloli da hanyoyin gano su

Matakin farko a kowace matsala shi ne a cire na'urar daga wuta, sannan a auna gishiri. Ana auna shi da rifaraktomita, ɗan madubin da ake ɗiga wa ruwa a duba a haske, ko da haidiromita mai nuna nauyin ruwa. Kashi 35 ya yi daidai da kusan 1.026 a wannan ma'aunin. Ita kanta rifaraktomita tana kaucewa, don haka ana daidaita ta da ruwan gwaji mai kashi 35. Lambar da aka samu ita ce ke nuna inda za a nufa: idan ta hau, na'urar ba ta zuba isasshen ruwa, idan ta sauka, ko dai ta zuba fiye da kima ko kuma ruwan gishiri yana fita ta wani wuri.

Ƙin zuba ruwa shi ne mai sauƙi. Sau da yawa jarkar ajiya ce ta ƙare, ko iska ta shiga inji bayan ya yi aiki ba ruwa, ko tiyo ya lanƙwashe, ko an ɗaga bakinsa sama da inda ƙarfin injin ke kaiwa. Ana gwada ma'auni ta hanyar danna zoben ƙasa da yatsa ko fitar da idon daga ruwa a goge shi. Idan fitilar akwatin ta kama amma ruwa bai fito ba, laifin na inji ne ko na tiyo. Wannan matsala tana ba mai tanki lokaci, domin gishiri yana hawa a hankali, kuma babban inji yakan fara zuƙar iska da ƙara kafin abu ya ɓaci.

Ƙin tsayawa ya fi haɗari. Gishirin da ke bushewa a jikin sanda, da ɓawon kalsiyam, da gansakuka, suna iya maƙale zobe a ƙasa. Katantanwar da ake sa wa tanki don ta ci gansakuka takan hau zoben ta danne shi da nauyinta, abin da ya sa ake yi masa keji na roba. Idon lantarki kuma kumfar iska da ta manne a tsininsa tana sa ya ɗauka yana waje da ruwa. A duk waɗannan inji zai ci gaba da aiki har jarka ta ƙare. Lita 20 na ruwa zalla a tanki mai lita 200 za su sauke gishiri zuwa kusan 31.8, abin da yawancin kifi za su jure. Lita 60 za su kai shi ƙasa da 27, ruwa kuma ya malala a ƙasa kusa da wayoyin wuta. Kariya mafi inganci a nan ba ta lantarki ba ce: a yi amfani da jarkar da ko ta juye gaba ɗaya ba za ta kashe abin da ke tankin ba. Haɗa na'urar kai tsaye da matatar ruwa ko famfo yana cire wannan iyaka, kuma masu ƙwarewa da yawa ba sa yarda da shi sai da makunnin kariya fiye da ɗaya. Ana wanke zobe da ido da ruwan khal lokaci-lokaci, a ɗauraye da ruwa zalla.

Wani lokaci inji yana tsayawa amma ruwa bai daina zuba ba. Wannan yana faruwa ne idan saman ruwan jarka ya fi bakin tiyo tsayi, sai ruwan ya ci gaba da gangara da kansa, kamar yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo. Akasin haka ma yana faruwa: idan bakin tiyo yana nutse a cikin tanki kuma jarka tana ƙasa, ruwan gishiri zai koma cikin jarka. Maganin duka biyun ɗaya ne, a ɗaure bakin tiyo a cikin iska, sama da ruwan tanki kuma sama da cikar jarka.

Matsalar da ta fi wuyar ganewa ita ce wadda na'urar ke aiki daidai amma gishiri yana raguwa mako bayan mako. Idan tanki yana yoyo a wata mahaɗar bututu, ko kofin na'urar cire kumfa yana cika da ruwa ana zubarwa, ko ana yawan ɗibar ruwa don gwaji, ruwan gishiri ne ke fita, na'urar kuma tana maye gurbinsa da ruwa zalla. Tsayin ruwa yana nan daram, don haka ido ba ya ganin komai. Haka kuma idan auduga ko jakar tacewa ta toshe, ruwa yana taruwa a baya, ɗakin ƙarshe ya sauka, na'urar ta cika shi. Da an wanke jakar sai ruwa ya yi yawa. Yin alama da maka a jikin jarka kowace safiya yana nuna yawan ruwan da ake sha a rana. Idan ya ninka ba tare da yanayi ya canza ba, yoyo ake nema.

Wasu masu murjani suna narka kalkwasa, wato sinadarin kalsiyam haidiroksaid, a ruwan ajiya. Ma'aunin pH na wannan ruwa ya haura 12, na ruwan teku kuwa yana wajen 8.1 zuwa 8.3, don haka zubar da ya wuce kima yana iya halaka tanki ko da gishiri bai sauka sosai ba. Yana kuma toshe tiyo da inji da farin ɓawo.

Bayan an gyara na'ura, ba a mayar da gishiri wurinsa lokaci ɗaya. Kifi ya fi jure saukar gishiri fiye da hawansa, saboda haka idan ya sauka ana cike ruwan da ke ƙafewa da ruwan gishiri na 'yan kwanaki har lambar ta dawo.

A yanayin Kano

Kano tana da nisan kusan kilomita 800 daga teku, kuma kiwon kifin da aka saba da shi a jihar na ruwan daɗi ne, musamman tarwaɗa. Wanda ya kafa tankin kifin teku a cikin birni sai ya haɗa ruwansa da garin gishirin teku na kamfani. Gishirin miya ko kantu ba sa maye gurbinsa, domin ba su da kalsiyam da magnesiyam da sauran sinadarai gwargwadon yadda suke a teku.

Yanayin garin yana ƙara wa na'urar aiki. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska tana bushewa ƙwarai, ruwa yana saurin ƙafewa, ƙura kuma tana sauka a jarkar da ba a rufe ba. Da bazara zafi yakan kai digiri 40, alhali tankin murjani yana son 24 zuwa 27. Fankar da ake hura wa saman ruwa tana sanyaya shi ta hanyar ƙafewa, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha, don haka jarkar da ke yin mako da damina ba za ta kai haka ba a watan Afrilu.

Ruwan da za a zuba shi ma abin dubawa ne. Na famfo yana iya ɗauke da kulorin. Na rijiya da na burtsatse, har da wanda 'yan garuwa ke turowa lunguna a jarkoki, suna da narkakkun ma'adanai, wasu rijiyoyin ma zartsi ne da harshe ke ji. Tun da ruwa ne kawai ke tashi, duk abin da ya shigo da ruwan cikawa yana taruwa a tanki, ya ciyar da gansakuka, ya kuma yi ɓawo a jikin ma'auni. Abin da ake so shi ne ruwan da ya bi ta matatar RO da matatar DI har ma'aunin TDS ya nuna sifili ko kusa da shi. Ruwan leda ba a yi shi don ya kai wannan matsayi ba, sai an auna.

Ɗaukewar wuta tana haifar da wata matsalar ta daban. Idan babban inji ya tsaya, wani ɓangare na ruwan tankin sama yana gangarowa tankin ƙasa. Idan ba a bar masa isasshen wuri ba sai ya zube, da wuta ta dawo kuma na'urar ta cike gurbin da ruwa zalla. A inda ake ɗauke wuta sau da yawa a rana, wannan kaɗai yana iya sauke gishiri cikin 'yan kwanaki. Ana gwada shi ta hanyar kashe babban inji da gangan a tsaya a ga inda ruwa zai tsaya, sannan a sauke ma'auni har a samu tazara. Canji daga wutar gari zuwa ta janareta ko inbata yana iya sauya ƙarfin inji, tsayin ruwan ɗakin ƙarshe ya motsa, na'urar ta zuba ruwan da ba a buƙata. A gidajen ƙasa na cikin ganuwa, inda danshi da gishiri ke cin gindin bango, ana ɗora tankin ƙasa da jarka a cikin faranti mai zurfi, a kuma ɗaga soket da akwatin sarrafawa sama da inda ruwa zai iya kaiwa.