Liƙa Baƙar Leda a Gilashin Bayan Mota

Masu motoci a Damari da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara sukan sa a liƙa wa gilashi baƙar leda domin ta tare zafin rana. Ya kamata hakimai da malamansu su san yadda aikin yake, da abin da doka ta ce.

Ledar shimfiɗaɗɗiya ce, gilashin baya kuwa a lanƙwashe yake, in an ɗora ta haka nan sai ta tattare. Saboda haka gwani yakan fara shimfiɗa ta ta waje, ya bi ta da na'urar iska mai zafi yana shafewa, har ta ɗauki siffar gilashin. Sa'an nan ya wanke cikin gilashin sarai, ya fesa ruwan sabulu, ya liƙa ta ta ciki, ya matse ruwan daga tsakiya zuwa gefe. Ba a kankare gilashin da reza, gama takan yanke siraran layukan lantarki masu busar da raɓa. A rufaffen ɗaki ake aikin saboda ƙura, balle da hunturu.

Dokar shekarar 1991 ta hana duhunta gilashin mota sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda, bisa dalilin lafiya ko tsaro, domin mugu yakan ɓuya da makami a bayan baƙin gilashi. Lalle hakimai su sanar da dagatai da masu unguwanni, kowa ya nemi izini tukuna kafin ya biya kuɗin aiki, kada a tsare shi a hanya ya yi hasara.