Allurar cika fuska da tiyatar ƙarin nono: abin da ya kamata ki sani kafin a taɓa jikinki

A 'yan watannin nan tambayoyin da kuke ajiye mini sun koma kan abu biyu: allurar cika fuska da ake kira fila, da tiyatar ƙarin nono. Da yawanku da "wata ƙawata ce ke tambaya" kuke farawa. To ba komai, ki karanta ki kai wa ƙawar taki.

Da can ni ma ina ɗaukar wannan magana ta matan Legas da Abuja ce. Wani dare bayan isha'i, na dawo daga aiki ko takalmi ban cire ba, aka yi sallama a gidanmu da ke Ƙofar Taramniya. Wata baiwar Allah ce da muke gaisawa, mai 'ya'ya uku, ta shigo da niƙabi alhali ban taɓa ganinta da shi ba. Sai da muka shiga ɗaki na tura ƙofa sannan ta ɗage. Gefen hancinta na hagu ya yi duhu, jirwaye-jirwaye kamar an ɗora raga, ga ƙananan ƙuraje masu ruwa sun fara fitowa. Ta ce, "Anti Nas, don Allah ki ruhwa min asiri, ko Inna ba ta sani ba."

Kwana biyu ke nan da aka yi mata allura a wani gida, wajen wata mai gyaran jiki da ta zo gari na mako guda ta yi talla a WhatsApp. Maigidanta zai ƙara aure bayan Sallah, ita kuma ta dubi madubi ta ga kumatu sun faɗa. Na tambaye ta sunan abin da aka ɗura mata, ta ce sirinji ne a cike aka ciro daga jaka. Tun ana cikin yi wurin ya yi fari fat, ga azabar zafi, matar ta ce mata alamar magani na aiki ne. A daren muka tafi asibiti.

Ita fila wani abu ne mai kauri da yauƙi da ake tura wa ƙarƙashin fata, don cike gurbin kitsen da shekaru ko rama suka cinye a kumatu, ƙasan ido, leɓe ko layin da ya sauko daga hanci zuwa gefen baki. Ba ita ce Botox ba. Botox yana kwantar da naman da ke tattare goshi ne na wata uku zuwa huɗu, ita kuwa fila ciko ce. Wadda likitoci suka fi amfani da ita ana yin ta da sinadarin hayaluronik, wanda dama akwai irinsa a fatarmu da gaɓoɓinmu, kuma aikinsa riƙe ruwa. Restylane da Juvederm duk irinta ne. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ta farkon a 2003, ta biyun a 2006. Yawanci sirinji ɗaya mililita ɗaya ne, wato kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi, kuma jiki yana shanye ta cikin wata 6 zuwa 18. Saboda haka wadda ta fara, ta san ta ɗauko abin da sai ta riƙa komawa tana biya.

Kumburi da ɗan taruwar jini na 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne. Abin tsoron shi ne wanda ya samu baƙuwata. Fuska cike take da jijiyoyin jini, kuma akwai babba da ke hawa ta gefen hanci. Idan bakin allura ya shiga cikinta, filar ta toshe ta, fatar da take ciyarwa sai ta fara mutuwa. Jijiyoyin hanci da na tsakanin gira kuma suna da mahaɗa da ta ido, shi ya sa akwai matan da suka makance nan take a kan kujera, kuma irin wannan makanta ba kasafai take warkewa ba. Alamomin su ne wurin ya yi fari ko ya yi duhu mai jirwaye, zafi mai tsanani, ko gani ya dushe. Wannan ba na jiran gari ya waye ba ne. Akwai allurar da ke narkar da filar hayaluronik, sunanta hayaluronides, amma sai an yi ta cikin awanni take ceton fata, kuma ba ta narkar da komai sai hayaluronik. Idan ruwan silikon ne ko wani mai aka ɗura, kamar yadda masu arha suke yi, babu abin da zai narkar da shi. Yakan yi yawo a ƙarƙashin fata, ya dunƙule, bayan shekaru ya tashi da ƙullutu, sai dai a yanka a kankare abin da ya kankaru.

Don haka in har kin ƙudura sai kin yi, tambaya ta farko ba ta kuɗi ba ce. Ki ce a nuna miki kwalin a rufe, da sunansa, da ranar lalacewarsa, da lambar NAFDAC, a buɗe a gabanki, ki ɗauki hotonsa da wayar nan da ke hannunki. Ki tambaya ko akwai allurar narkarwa a ɗakin a wannan lokacin. Wanda ya ɓata rai don kin tambaya, ɗauki jakarki. Mai ciki da mai shayarwa su haƙura, domin ba a gwada waɗannan allurai a kansu ba. Haka wadda ke da ƙurji ko ciwo a wurin. Ni nas ce, kuma ina gaya miki takardata ta jinya ba ta ba ni ikon buɗe ɗaki in riƙa ɗura wa mata abu a fuska ni kaɗai ba, balle wadda ta yi horon kwana uku a otal.

Sai maganar nono, wadda ta fi damun iyaye mata. Akwai abin da nake ji a ɗakin awo yana ƙona mini rai: yarinya ta yaye jariri a wata huɗu wai kada nononta ya zube. Wani likitan tiyata a Jami'ar Kentucky ta Amurka, Brian Rinker, ya wallafa bincike a 2008 da ya nuna shayarwa ba ita ke kwantar da nono ba. Abubuwan da ya samu su ne yawan ɗaukar ciki, shekaru, ƙiba, girman nonon tun asali, da shan taba. Cikin ne ke buɗa fata tun kafin a haihu. Kin ga an hana yaro abincinsa a banza.

Su kuma mayuka da garin magani da ake tallatawa na "ciko da tsayuwa", babu wanda aka tabbatar yana ƙara girman nono. Waɗanda suke nuna kamar suna aiki, sau da yawa deksametason ne a ciki, ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe, ko maganin buɗe ciki. Jiki ya kumbura da ruwa da kitse, fuska ta yi fam, daga baya hawan jini da sukari su biyo. Allurar fila a nono ko ɗuwawu kuwa FDA ta yi gargaɗi a kanta ƙarara.

Tiyatar kanta ta daɗe. A 1962 aka fara sa wa mace jakar silikon a birnin Houston na Amurka. Jaka ce mai laushi da ake cika wa da silikon mai kauri ko ruwan gishiri, a tura ta bayan naman nono ko bayan tsokar ƙirji, ta wani yanka a ƙarƙashin nonon, ko gefen baƙin da'irar kan nono, ko hammata. Aikin awa ɗaya zuwa biyu ne da allurar barci. Amma ga abin da masu talla ba sa faɗa. Jakar girma take ƙarawa, ba ta ɗaga nonon da ya kwanta sosai. Wannan wata tiyata ce dabam, mai tabo mai tsawo. Kuma jakar ba ta har abada ba ce. Tana iya fashewa, jiki yana iya yi mata kewayen tabo mai tauri da zai matse ta har nonon ya zama kamar dutse yana ciwo, kuma mai shekara 30 da ta sa, ta sa a ranta akwai yiwuwar za ta sake kwanciya a ƙarƙashin wuƙa. Mai jakar silikon ana so ta yi sikanin ko hoton MRI bayan shekara 5 zuwa 6, sannan duk bayan shekara 2 zuwa 3, domin takan fashe ba a sani ba. Ki haɗa wannan a lissafinki.

Ko a ƙasashen da doka ke da ƙarfi an sha kwaɓa. A 2010 aka gano kamfanin PIP na Faransa yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu, bayan an riga an sa wa dubban ɗaruruwan mata a duniya. A 2013 kotu ta yanke wa mai kamfanin, Jean-Claude Mas, ɗaurin shekara huɗu. A watan Yulin 2019 kamfanin Allergan ya janye wasu jakunkunansa masu kaushin baya saboda alaƙarsu da wata sankara da ba a cika gani ba, wadda ke tasowa a kewayen jakar. Shi ya sa dole a ba ki katin da ke ɗauke da sunan kamfani da lambar jakar da aka sa miki. Ki adana shi kamar takardar fili.

Shirin tiyata kuwa, rabinsa faɗin gaskiya ne, kuma a nan muke da rauni. Likita zai tambaye ki me kike sha, ki ce ba komai, alhali akwai tsimi da gumba da garin da aka aiko daga wajen biki, ga man bilicin na shekara biyar. Man bilicin mai ƙarfi yana sa fata ta yi siriri, ɗinki ya ƙi kamawa, ciwo ya ƙi warkewa. Wadda ta daɗe tana shan sha-ka-fashe jininta na iya faɗuwa ana tsakiyar aiki in likitan barci bai sani ba, kuma ba a yanke ta rana ɗaya, sai a hankali bisa umarnin likita. Asfirin da ibufurofen suna ƙara zubar jini. Shisha taba ce, sai an bar ta aƙalla mako huɗu kafin aiki da bayansa. Ki faɗi in kina da sikila, sukari, hawan jini ko asma, ko kina shan ƙwayar tazarar haihuwa. In kin taɓa kumburin ƙafa da haki bayan haihuwa ki faɗa, domin ciwon zuciya na jego ya yi yawa a yankinmu. In hudar kunne ta taɓa yi miki tabo mai tudu, ki nuna, saboda ƙirji na cikin wuraren da irin wannan tabo ya fi so a baƙar fata.

Za a auna yawan jininki, a yi gwajin ciki, a duba nonon ko da ƙullutu. Ki bari sai bayan yaye da wata uku zuwa shida, nono ya ƙafe ya koma yadda zai zauna. In kina da niyyar sake haihuwa nan kusa, ni dai shawarata ki jira: sabon ciki zai sauya aikin, kuma ko da yake mata da yawa suna shayarwa da jaka a ƙirji, wasu ruwan nononsu yana raguwa, musamman in ta gefen kan nono aka yanka. Ranar aiki ba ci awa shida kafin a shiga. Ki bar yatsa ɗaya ba baƙin lalle, don na'urar auna iskar jini a yatsa ake maƙala ta. Bayan aiki, mako huɗu zuwa shida ba goyo, ba daka, ba ɗaukar jarka. Wa zai riƙe miki yara? In amsar ita ce babu wanda ya san za ki yi, to ba ki shirya ba. Kuma kada ki zaɓi watan Afrilu, zafin Sakkwato da zufa ba sa shiri da sabon ɗinki.

Masu tafiya Turkiyya, Masar ko Dubai, ku tambayi kanku wa zai duba ku in wurin ya yi ruwa bayan kun dawo, ga haɗarin daskarewar jini a ƙafa in an hau jirgi da ɗanyen aiki. Kuɗi ba sa sayen tabbas. Stella Obasanjo tana matar shugaban ƙasa ta rasu ranar 23 ga Oktoban 2005 a Marbella ta ƙasar Sifaniya, bayan aikin zuƙe kitse. Bututun ya huda mata hanji ba a farga da wuri ba, kuma a 2009 kotu ta yanke wa likitan ɗaurin shekara guda. A gida, ki tabbatar likitan yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN, kuma ƙwararre ne a tiyatar gyaran jiki, a asibitin da ke da likitan barci da jini da iskar numfashi. Muna da irinsu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A garin nan ne ma Asibitin Noma yake, wanda tun 1999 ake sake gina fuskokin yaran da cuta ta cinye wa kunci da leɓe.

Na san za a tambaye ni hukunci, ni kuma ba malama ba ce. Abin da na sani, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na 2007 a Malesiya ta bambanta gyaran lahani, kamar ƙuna, haɗari ko mayar da nonon da aka cire saboda sankara, wanda ta halatta, da sauya lafiyayyar halitta don ado kawai, wanda ta hana. Ki kai wa malamin da kika yarda da shi bayanin halinki dalla-dalla.

Baƙuwata ta yi mako biyu ana wanke mata ciwo. Idonta ya tsira, amma wani yanki na fatar gefen hancin ya tafi, ya bar tabo kamar girman ƙwayar gyaɗa. Mai allurar ta kashe waya tun washegari. A ɗakin jinya ne ta gaya mini ta ɗauki adashe da niyyar tafiya aikin ƙirji bayan biki. Innarta ce ta yi jinyarta, kuma har aka sallame su ban ji tsohuwar ta ɗaga mata murya ba, abin da kawai take maimaitawa shi ne me ya hana a gaya mata tun daren farko.