Gargaɗi Ga Ma'aurata Mazauna Waje Masu Neman Ɗauko Yaro Daga Gida

Jama'a, a yi hattara. Wannan kira ne ga 'yan'uwanmu mazauna Ingila da Amurka, musamman ma'auratan da Allah bai ba haihuwa ba tukuna, da kuma dangin da ake turo wa kuɗi a gida ana cewa su nemo yaro. Kada wanda ya biya ko sisi, kada wanda ya karɓi jariri daga hannun kowa, sai hukumar ƙasar da yake zaune ta tantance shi ta ba shi izini a rubuce. Daga can ake farawa, tun kafin a san wane yaro ne. Duk wanda ya ce muku ga yaro a hannu, takardu za su biyo baya, laifi yake sayar muku.

Mazauna Ingila su fara sanin wannan: tun watan Maris na 2021 gwamnatin Birtaniya ta dakatar da ɗauko yara daga Nijeriya da sunan mayar da su 'ya'ya a shari'ance. Dalilan da ta bayar ba su da daɗin ji: takardun da ba a iya dogara da su, wahalar gano asalin yaro, cin hanci, da shaidar cewa akwai gungun masu safarar yara. Nijeriya ta shiga jeri ɗaya da Habasha, Kambodiya, Nepal, Haiti da Gwatamala. Akwai 'yar kafar neman a ɗaga wa mutum ƙafa, ana rubuta wa Ma'aikatar Ilimi ta Ingila, amma sai an kawo hujja mai ƙarfi game da wani yaro takamaimai, kuma ba kowa ake ba ba. Ban da haka, tun farkon 2014 hukuncin kotun Nijeriya kan wannan batu bai wadatar shi kaɗai a Birtaniya. Kuna iya riƙe da takarda mai hatimin alƙali, a can a ce ba ku da ɗa.

Sharuɗɗan Birtaniya kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Mai nema ya kai shekara 21, ya zama mazaunin ƙasar na dindindin, ya bi ta hannun hukumar da aka yi wa rajista don wannan aiki. Sai a turo ma'aikaciyar jin daɗin jama'a gidanku, ba sau ɗaya ba. Za ta leƙa ɗakin da yaro zai kwana, ta duba kuɗin shiga da bashi, ta zauna da maigida shi kaɗai, ta zauna da uwargida ita kaɗai, ta tambayi yadda kuke sasantawa in kun saɓa. In akwai auren da ya mutu a baya za a tono shi, ana ma iya tuntuɓar tsohuwar matar. Likita zai duba ku, 'yan sanda su binciki tarihinku, mutum uku su tsaya muku shaida. Abin yana cin watanni, kuma ga Bahaushe mai kunya yana da nauyi ƙwarai, amma babu wata ƙofa sai ita. Wanda ya tsallake ya shigo da yaro, dokar Birtaniya ta 2002 ta tanadar masa ɗaurin da zai iya kai wata 12, ko tara, ko duka biyun.

Amurka ma hanyar kusan ɗaya ce: binciken gida tukuna, sannan amincewar hukumar shige da fice, sannan a tabbatar yaron maraya ne bisa ma'anar dokarsu. Yaron da uwa da uba suke raye suna tare da shi, talauci kawai ya dame su, bai shiga wannan ma'ana ba.

A nan ne mutanenmu suka fi faɗawa. A gida, in ƙanwa ta haihu ta ba yayarta riƙo, magana ta ƙare, yaro yana amsa sunan mahaifinsa kamar yadda addini ya ce, kowa ya san matsayinsa. Ofishin jakadanci bai san wannan ba. Sai wani mai dabara ya ba da shawara: a yanko takardar haihuwa da sunanku, a ce ku kuka haife shi. Kada ku kuskura. Ana neman gwajin jini na DNA in an yi shakka, kuma kotunan iyali a Ingila sun sha karɓe jarirai daga hannun ma'auratan da suka zo da irin wannan labari. Yaron ne ke ƙarewa a hannun baƙi, ba ku ba, ba uwarsa ba, wani lokaci ma har abada ba a san daga ina ya fito ba.

Ita ma dokar Nijeriya ba ta sakar wa kowa mara ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce ɗaya daga cikin ma'auratan ya kai shekara 25 kuma ya girmi yaron da shekara 21, su kasance 'yan ƙasa, mazauna jihar da yaron yake, yaron ya zauna a hannunsu wata 3 a jere, kuma an sanar da jami'in jin daɗin jama'a tun wata 12 kafin hukunci. Kowace jiha da yadda ta tsara tata, amma ko'ina kotu ce ke yanke magana. Gidan marayu ba ya bayar da ɗa, ungozoma ba ta bayarwa, mai unguwa ma haka. To ku auna wannan da saƙon da ke shigowa ta WhatsApp da hoton jariri cikin tawul: "Hajiya, an samu namiji, sai dai a hanzarta, akwai masu so." Ganin kitse ake yi wa rogo.

Ku tambayi kanku daga ina irin wannan yaro yake fitowa. A 2019 'yan sanda sun gano yara 9 da aka sace daga Kano aka sayar a Anambra, iyayensu sun shekara suna nema. A 2007 an tare wata ƙungiyar Faransawa a Abeche ta ƙasar Chadi tana shirin tashi da yara 103 da ta ce marayun Darfur ne, bincike ya nuna yawancinsu 'yan Chadi ne kuma suna da iyaye a raye. Iyalan da ke jiransu a Faransa sun ɗauka aikin lada suke yi.

Masu tunanin kewayawa ta Ghana ko Nijar su sani duka biyun sun shiga Yarjejeniyar Hague ta 1993, wadda ta ce hukuma da hukuma ne ke magana, ba dillali ba. Habasha ta rufe tata ƙofar a 2018, Sin ta bi baya a 2024.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya tsaya nan, kada ya ƙara, ya adana saƙonnin da rasiɗan banki. Wanda yaro ya riga ya shiga hannunsa, kada ya nemi biza kafin ya ga lauyan da ya san dokar iyali da ta shige da fice a ƙasar da yake zaune. Dangi na gida kuma, in wani ya zo muku da tayin jariri a kan farashi, ku kai maganar ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ko wurin 'yan sanda a ranar.